JAWABI GAME DA KULA DA KARNUKA A LOKACIN ƊARI DA BAZARA

(An yi shi a taron ƙungiyar ƴan Falanko, an buga domin waɗanda ba su samu halarta ba)

 

Na san wasu za su ce, duk matsalolin da ke gabanmu sai maganar kare? Ku yi haƙuri ku saurara. Bara da bazara wani maƙwabcina ya tafi Agadas, ya bar karensa ɗaure a gindin turke, ba inuwa ba ruwa. Yara suka manta da shi, kafin la'asar ya mutu. Ba a yi wata guda ba dila ya kashe masa ƴan raguna uku. Wannan asara ce ta sa na miƙe.

A nan Damargu kare mai gadi ne. Dubi Buzaye da Fulani na wajen Balbeji yadda suke riƙon nasu, irin siraran nan da Turawa ke kira azawak. Malamai ma sun gaya mana an halatta ajiye kare don kiwo, da gona, da farauta. Kuma akwai hadisin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da takalminsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah Ya gafarta masa.

Mu fara da zafi, don shi ya fi kisa. Cikin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a inuwa. Ku sani kare ba ya gumi a jiki kamar mutum. Haki da fitar da harshe su ne hanyarsa ta rage zafi, shi kuwa hakin yana ƙarar da ruwan jikinsa. Saboda haka:

1. A ajiye masa kaskon ruwa nasa na kansa a inuwa, a cika safe da maraice. Kada a haɗa da kwanon gida.
2. In za a ɗaure shi, a tuna inuwar hantsi ba ita ce ta azahar ba. A tsawaita igiya, ko a kafa masa rumfar kara.
3. Kada a fita farauta da shi tsakar rana. Rairayin da ba ka iya takawa ba takalmi, shi ma yana ƙona masa tafi.
4. Makiyayi in ya shayar da bisashe a rijiya, ya bar wa kare ragowa a kwami.

In kuka ga yana haki ba tsayawa, yana tangaɗi, a kai shi inuwa, a zuba masa ruwan randa a ciki da ƙafafu da wuya, a yi masa fifita, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Kada a ba shi ƙwayoyin ciwon kai na mutane, suna iya kashe shi.

Sai ɗari. Daga Disamba zuwa Janairu, karenmu mai gajeren gashi ne, ba kitse. Babba yakan jure, amma kwikwiyo da tsoho da kariya mai shayarwa su ne ke halaka da asuba. A kare musu iska da zana ta gabas da arewa, a shimfiɗa tsohon buhu ko ƙaiƙayi. A ƙara musu ragowar tuwo da ɗan nono, don mai yunwa ɗari ya fi kama shi. A lura da murhu, ƴan kwikwiyo suna bin ɗumin toka su ƙone. A riƙa kakkaɓe shimfiɗar saboda ƙuma da kaska.

Abu na ƙarshe ya fi duka nauyi, wato haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma yara da yawa a cikinsu. Karen da zafi ya buga yana dalalar da miyau, mahaukaci ma haka. Don haka kada kowa ya sa hannu a bakin kare, kuma a kori yara daga wurin. Wanda kare ya ciza, a wanke wurin da sabulu da ruwa har minti 15, a kai shi likita ran nan, ko da ciwon ƙarami ne. In alamun cutar suka bayyana ba ta da magani, amma allura tana tare ta in an yi da wuri, tun da Luwi Fasto na Faransa ya fara yin ta a 1885. Karnukan ma akwai tasu allurar. A tambayi ma'aikatan kiwo na Tanut.

Ku masu tafiya Damagaram, Kano ko Libiya, kafin ku hau mota ku damƙa karenku ga mutum ɗaya sananne, ku bar masa ɗan hatsi dominsa. Ina kuma roƙon shugabannin ƙungiya su sa maganar allura cikin taro mai zuwa, mu tara kuɗi a kira likitan dabbobi ya yi wa na gari duka rana ɗaya.

Inda na yi kuskure, dattawa ku gyara mini. Allah Ya tsare mana dukiyarmu, Ya dawo da matafiya lafiya. Wassalam.