Kowane Lodi Aiki Ne Mai Farko da Ƙarshe
Jawabin da aka gabatar a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya

 

An nemi mu yi magana kan tsara aiki da manhajojin waya da kwamfuta da ke taimakawa wajen yin sa. Mun san wasu daga cikin iyayenmu za su ce fatauci ya girmi waya, kuma gaskiyarsu. Madugan da suka riƙa kai ayari Gwanja sayen goro ba su da intanet, amma sun san ranar tashi, sun san zango, sun san wanda ke riƙe da guzuri. Sai dai madugu yana tafe tare da kayansa. Mu kuwa yau mai kaya yana Kano, dillali yana Maraɗi, direba yana kan hanya, mai karɓa yana Legas, kowa da guntun labarin da ya sani, babu mai riƙe da shi gaba ɗaya.

Shagonka na kasuwa harka ce ta kullum. Lodi ba haka yake ba: yana da ranar farawa, yana da ranar da dole ya ƙare, yana da kuɗin da aka ware masa, kuma matakansa a ɗaure suke da juna. Irin wannan shi masana kasuwanci ke ware wa tsari na musamman.

Mu ɗauki ragunan Layya. Ranar Sallah ba ta jiran kowa, kuma kowace shekara tana matsowa da kusan kwana 11 a lissafin kalandar Bature. Ragon da ya isa Legas bayan Sallah ya zama nama kawai. Don haka daga baya ake fara lissafi. Wace rana muke so dabbobi su sauka a kara? A cire kwanakin tafiya, a cire ranar lodi da ta takardu. Sai a duba kasuwa. Ta Maigatari ranar Alhamis take ci. Wanda canjinsa bai kammala ba kafin Alhamis ya yi asarar mako guda cur, ko da jinkirin na kwana ɗaya ne. Canji, saye, takardar lafiyar dabbobi, mota, tafiya: waɗannan sarƙa ɗaya ce, duk wanda ya makara a cikinsu ya ja sauran. Sayen harawa da dusa, ko kama wurin saukewa, ana iya yin su a gefe, ba sa tsayar da kowa. Mai kaya ya san abin da ke kan sarƙar, can zai sa idonsa. Sau nawa muke ganin mutum ya wuni yana ciniki kan kuɗin dusa alhali motar da zai yi lodi ba a ma biya mata kafin alƙalami ba?

To, ina manhaja ta shigo? Kusan dukkanmu da WhatsApp muke aiki, kuma ba za mu ce a bar shi ba. Matsalarsa ita ce saƙon murya. Idan ka rubuta "tirela" a wurin bincike, zai fito maka da duk rubutaccen saƙon da ke da kalmar. Maganar da aka yi da baki cikin saƙon minti huɗu kuwa, sai ka zauna ka saurari hamsin kafin ka kai gare ta. Ranar da rigima ta tashi tsakanin abokan jari kan nawa aka ce za a ba direba, kowa zai rantse, kuma mai yiwuwa kowa gaskiyar abin da ya tuna yake faɗa. Zumuncin shekara ashirin ya sha lalacewa a kan abin da layi ɗaya na rubutu zai kashe.

Abin da muke ba da shawara bai da tsada. Kowane lodi a buɗe masa shafi guda a Google Sheets ko Excel, a rubuta aikin da za a yi, sunan mutum ɗaya da ke da alhakinsa, ranar da ya kamata ya gama, da kuɗin da ya ci. Mutum ɗaya muka ce, domin aikin da aka rubuta wa "yara" babu mai yin sa. Google Sheets yana da fa'idodi biyu da suka dace da mu: mutane da yawa suna iya duba shafi ɗaya daga garuruwa daban, kuma yana ajiye tarihin gyara, ana ganin wanda ya canza lamba da lokacin da ya canza. Ana iya saita shi ya buɗu ko babu sabis, amma tun daga gida ake yin saitin, ba a bakin iyaka ba. Masu lodi da yawa a lokaci guda za su iya gwada Trello, wanda ke jera ayyuka kamar katuna a layi uku: ba a fara ba, ana kai, an gama. Kamfanin Toyota na Japan ne ya shahara da wannan dabara ta kati a masana'antunsa, tun kafin zuwan wayar hannu. Manyan manhajojin da kamfanonin gine-gine ke biya duk wata, yawancinmu ba ma bukatarsu.

A wurin kuɗi za mu ɗan daɗe. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kan yuro ɗaya tun 1999. Naira kuwa a farkon Yunin 2023 tana wajen 460 kan dalar Amurka a farashin gwamnati, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ya rubuta "na sayi raguna miliyan kaza" bai rubuta farashin canjin ranar ba, bayan wata biyu ba zai iya sanin ko riba ya ci ko uwar kuɗi ba. Kowane kashe kuɗi a sa masa kwanan wata, irin kuɗin, da farashin canji. Sannan a kula da dala: a Nijar idan an ce "ɗari", dala ɗari ake nufi, wato sefa 500. Yaron da ya taso a Kano ya ji "ɗari" ya rubuta 100, lissafi ya karkace ninki biyar. A shafi a rubuta lambar da ke jikin takardar kuɗin.

Akwai kuma abin da babu manhajar da ta isa ta hana. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 an sake rufewa, Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris 2024, gadar Gaya da Malanville kuma ta tsaya, motoci suka yi jerin gwano da kaya suna lalacewa. Shafin lodi ya kamata ya ɗauki layi na "idan hanya ta toshe": wace hanya ce ta biyu, wane sito za a sauke, kwana nawa kayan za su iya jurewa. Wake zai jira. Albasar Galmi da dabba mai rai ba za su jira ba.

Ga iyayenmu da ba su yi boko ba, littafinku na ajami yana nan daram. Yaro ya shigar da abin da ke ciki, ya karanta muku da baki kowane dare bayan Isha'i. Amma asusun da aka buɗe shafin da shi ya zama da lambar wayar mai dukiya, kuma shi ya riƙe lambar sirri. Yaro yana iya barin aiki, kada ya tafi da lissafin shekara biyar a aljihunsa.

Roƙonmu ga shugabanni biyu ne. A ware zaure ɗaya na WhatsApp don labarin hanya kaɗai, ba gaisuwar Juma'a, ba tallan kaya, kuma duk mai ba da labari ya rubuta wuri da rana da lokaci. Sannan sakatariya ta tsara shafin lodi na misali da Hausa, ta zaɓi matasa biyu a kowane reshe su koya wa mambobi kafin watan Zulƙida ya kama, yadda masu ragunan bana za su fara gwadawa.

Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a nema.