ZAƁEN MANHAJAR GINA SHAFIN INTANET: JAWABI GA MASU FARAWA



Abin da na zo in yi muku bayani a kansa yau shi ne yadda mutumin da bai taɓa koyon aikin kwamfuta ba zai zaɓi manhajar da zai gina shafinsa na intanet da ita, ba tare da ya yi asarar kuɗinsa da wahalarsa ba. Maganar ta shafi ɗan kasuwa mai son masu saye su same shi daga nesa, ta shafi shugaban makaranta mai son iyayen yara su san ranar komawa karatu, ta kuma shafi ƙungiyar manoma ko ta masu sana'a wadda ke son duniya ta san da zamanta. Tun da farko ina so ku sani, Gwamnati ba ta tallar hajar kowane kamfani. Sunayen da zan ambata na kawo su ne don misali, zaɓi kuwa yana hannunku.

Asalin Al'amarin

A shekarar 1989 ne wani masani Baturen Ingila, Tim Berners-Lee, ya tsara hanyar haɗa shafuna a intanet, sa'ad da ya ke aiki a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da birnin Janiba a ƙasar Suwizalan. Shafin farko ya bayyana ga jama'a a 1991, a 1993 kuma cibiyar ta bar wa duniya wannan fasaha kyauta. A wancan zamani duk mai son shafi tilas ne ya koyi wani irin rubutu na musamman da a ke kira HTML, ya zauna ya rubuta kome da hannunsa. Yau an sauƙaƙa. Akwai manhajojin da ke yi wa mutum wannan rubutu a ɓoye, shi kuwa aikinsa bai wuce ya zaɓi fasalin da ya yi masa ba, ya sa hotunansa, ya rubuta bayaninsa.

Wani zai ce, ai ina da Facebook da WhatsApp, me zan yi da shafi? Lalle waɗannan suna da amfani, amma ku tuna ranar 4 ga Oktoba, 2021, sa'ad da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke gaba ɗaya a duniya har wajen sa'a shida. Wanda duk cinikinsa ya dogara a kansu, a ranar nan sai zaman jira. Bahaushe ya ce zanen aro ba ya rufe katara.

Abubuwa Uku Da Ke Tsai Da Shafi

Kafin mutum ya yi zaɓi, wajibi ne ya rarrabe abubuwa uku waɗanda masu farawa su kan cakuɗa. Na farko shi ne suna, watau adireshin da mutane za su rubuta su iso gare ka. Na biyu shi ne masauki, watau kwamfutar nan da ba ta barci dare da rana, wadda a cikinta a ke ajiye rubutunka da hotunanka. Na uku ita ce manhajar da za a gina shafin da ita. Ku ɗauka kamar mai buɗe kanti ne: akwai sunan da ya rubuta a allo, akwai filin da kantin ya ke a kai, sa'an nan akwai magini da kayan aikinsa. Waɗansu kamfanoni su kan haɗa ukun nan su sayar maka a dunƙule, waɗansu kuwa ɗai ɗai a ke saye.

Manhajoji Iri Biyu Ne

Iri na farko kamar ɗakin haya ne wanda aka riga aka share, aka sa masa ƙofa da fitila. Kamfanin ne ke riƙe da masauki, shi ke kula da gyara da tsaro, kai kuwa ka shiga da kayanka kawai. A cikin wannan iri akwai Blogger, wanda aka fara a 1999, Google ya saye shi a 2003. Kyauta ne, kuma ya dace da mai yawan rubutu, kamar malami ko marubuci. Akwai Google Sites, shi ma kyauta, wanda ya isa ga mai son 'yan shafuna kaɗan na bayani, ko da ya ke adonsa ba shi da yawa. Akwai Wix, wanda aka kafa a 2006, inda mutum ya kan jawo hoto ko rubutu ya ajiye shi daidai inda ya ke so. Yana da sashen kyauta, amma mai amfani da sashen nan zai ga tallar kamfanin a kan shafinsa, kuma adireshinsa zai fito da sunan kamfanin a jikinsa. Akwai kuma Squarespace, wanda ya yi suna wajen kyan fasali, sai dai ba shi da sashen kyauta, gwajin mako biyu kawai ya kan bayar.

Iri na biyu kamar mutum ya sayi fili ne ya yi gininsa. Shahararriyar manhaja a nan ita ce WordPress, wadda Matt Mullenweg da Mike Little suka fitar a 2003. Ita kanta kyauta ce, kowa yana da ikon ɗauka ya sarrafa, kuma a 2021 masu ƙididdiga sun nuna shafunan da aka gina da ita sun kai kashi 40 cikin 100 na shafunan duniya. Amma kai ne za ka nemi masauki ka biya, kai za ka riƙa sabunta ta, kai za ka riƙa ajiye kwafin aikinka. A nan akwai wurin da mutane da yawa su kan ruɗe. WordPress.org shi ne inda a ke samun manhajar nan ta kyauta. WordPress.com kuwa ɗakin haya ne irin na farko, wanda kamfanin Automattic ke gudanarwa tun 2005. In wani ya ce zai gina muku shafi da WordPress, ku tambaye shi wanne daga cikin biyun ya ke nufi.

Tambayoyi Biyar Kafin Zaɓi

Ta farko, me ka ke so shafin ya yi maka? Ka ɗauki takarda ka rubuta amsar kafin ka taɓa kwamfuta. In bukatarka ita ce mutane su san ko kai wane ne, da abin da ka ke yi, da inda za a same ka, to, shafi huɗu ko biyar sun wadatar, kuma manhajar kyauta za ta biya maka bukata. In kuwa kana so a sayi kaya a biya ta shafin, sai ka tabbata manhajar tana jituwa da kamfanonin karɓar kuɗi da ke aiki da Naira, irin su Paystack da Flutterwave, domin ba kowace hanyar biyan kuɗi da manhajojin ƙasashen waje ke zuwa da ita ce ke aiki a Nijeriya ba.

Ta biyu, za ka iya gyara shi da hannunka? Wannan ita ce ainihin ma'anar sauƙi. Farashi ya kan canza, lambar waya ta kan canza, shafin da sai an kira wani an biya shi kafin a gyara kalma ɗaya ba ya daɗewa ya ke zama kango. Saboda haka ka gwada kafin ka biya. Ka ba kanka sa'a ɗaya, ka rubuta 'yan layuka, ka sa hoto guda, ka canza shi, ka ga ko abin ya yi maka. In ba ka da kwamfuta, ka lura da wannan: WordPress da Blogger suna da manhajar da a ke sa wa a wayar hannu a yi rubutu da ita, alhali kuwa Google Sites gyaransa da kwamfuta aka tsara shi.

Ta uku, nawa za ka biya a shekara ta biyu, kuma da wane irin kuɗi? Kamfanoni da yawa su kan rage farashin shekarar farko don su jawo mai saye, in lokacin sabuntawa ya zo sai kuɗin ya haura. Har wa yau, galibin kamfanonin ƙasashen waje da dala su ke karɓa. Kowa ya ga yadda farashin dala ya tashi bayan da Babban Bankin Nijeriya ya sauya tsarin canjin kuɗi a watan Yuni na 2023. Wanda ya ɗaura wa kansa biyan dala kowane wata ya ji a jikinsa. Akwai kamfanonin masauki na cikin gida da ke karɓar Naira, yana da kyau a auna su tare da na waje.

Ta huɗu, yaya shafin ya ke fitowa a ƙaramar waya, kuma yana nuna haruffanmu daidai? Galibin mutanen ƙasar nan da waya su ke shiga intanet, kuma da kuɗinsu su ke sayen data. Shafin da aka cika da manyan hotuna da abubuwa masu motsi ya kan yi nauyi, mai dubawa ya gaji da jira ya tafi. Game da haruffa kuwa, wannan ya shafe mu musamman mu masu rubutu da Hausa. Ba kowane irin rubutu da ke cikin manhaja ne ya san haruffa masu lanƙwasa ba. Ka rubuta ƙasa, da ɗaki, da ɓera, ka duba. In ka ga ɗan akwati a maimakon harafin, ko ka ga harafin ya bambanta da 'yan'uwansa, sai ka canza irin rubutun. Noto na kamfanin Google, da Andika da Charis na ƙungiyar SIL, duk sun ƙunshi haruffan nan. Kada a raina wannan, gama tsakanin ƙafa da kafa, ko ɓata da bata, lanƙwasar nan ce kaɗai ta raba.

Ta biyar, kuma ita ce mafi nauyi, in ka so tashi, za ka iya fita da kayanka? Kamfani ya kan rufe sashen da ya ga ba ya kawo masa riba. GeoCities ya taɓa zama masaukin miliyoyin shafunan kyauta, Yahoo ya saye shi a 1999, ya rufe shi a 2009. A watan Maris na 2024 kuma Google ya rufe ƙananan shafunan kyauta da 'yan kasuwa suka gina ta hanyar rajistar kasuwancinsu da ke wurinsa. WordPress da Blogger suna ba mutum damar kwashe rubutunsa ya kai wani masauki. Shafin da aka gina da Wix kuwa a masaukin Wix kaɗai ya ke aiki, mai son barinsa sai ya sake gini daga tushe. Wannan bai hana a yi amfani da shi ba, amma a shiga da sani. Ko wace manhaja ka zaɓa, ka ajiye asalin rubutunka da hotunanka a wurinka.

Sunan Shafi Dukiya Ne

Masauki a kan canza shi, manhaja ma a kan canza ta, amma sunan da jama'a suka san ka da shi, wanda ka buga a takardun kantinka da jikin motarka, in ya kuɓuce maka asarar tana da girma. Sunayen da ke ƙarewa da .ng, kamar .com.ng da .org.ng, na ƙasarmu ne, ƙungiyar NiRA da aka kafa a 2005 ita ke kula da su, kuma a kan saye su da Naira daga dillalan da ta amince da su. Wanda ya ƙare da .gov.ng na hukumomin Gwamnati ne kaɗai, ba a ba ɗan kasuwa. Blogger da Google Sites duka sun yarda mutum ya ɗaura sunan da ya saya a kan shafinsa na kyauta, don haka da kuɗin suna kawai talaka zai iya mallakar adireshin kansa.

Ka zaɓi suna gajere, mai sauƙin faɗa a waya, wanda babu harafi mai lanƙwasa a cikinsa. Sa'an nan ga gargaɗi: in ka ɗauki wani ya taimake ka, ka tabbata da sunanka da adireshin imel ɗinka aka yi rajistar, kuma kalmar sirri tana hannunka. Suna haya ne na shekara shekara, in ba a sabunta ba wani yana iya ɗauka. Ka rubuta ranar ƙarewarsa inda ba za ka manta ba.

Tsaro Da Haƙƙin Jama'a

Ka duba adireshin shafinka ya fara da https, alamar cewa abin da mai dubawa ya rubuta yana tafiya a rufe. Manhajojin iri na farko su kan ba da wannan da kansu, masaukai da yawa kuma suna ba da shi kyauta ta hanyar Let's Encrypt. Mai amfani da WordPress kada ya yi sakaci da sabuntawa, kada kuma ya tara ƙananan manhajojin ƙari waɗanda ba ya bukata, domin ta tsohuwar ƙofa ɓarawo ya kan shiga. Daɗin daɗawa, duk wanda zai karɓi sunayen mutane da lambobin wayarsu ta shafinsa, ya sani amana ce ya ɗauka. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ta wajabta a karɓi bayanan mutum bisa dalili halattacce, a kuma tsare su. Kada ka nemi abin da ba ka da bukatarsa.

Kammalawa

To, jama'a, ga taƙaitacciyar shawara. Mai son bayani kaɗan kuma aljihunsa bai da nauyi, ya fara da Google Sites ko Blogger. Mai son ado da sauƙi, wanda ya auna ya ga zai iya biya kowace shekara, ya gwada Wix ko Squarespace ko WordPress.com. Mai niyyar shafinsa ya girma, kuma yana da haƙurin koyo ko amintaccen mai taimako, ya nufi WordPress a masaukin kansa. A kowane hali, ya sayi suna da sunansa, ya riƙe kalmar sirrinsa, ya ajiye kwafin aikinsa. A fara da kaɗan, a riƙa ƙarawa. Sannu ba ta hana zuwa. Wanda kuma ya fahimci wannan bayani, ina roƙonsa ya karanta wa maƙwabcinsa da bai samu halarta ba.