Laccar Kucheri: Baiwar Da Ta Ja Sojoji Suka 'Yanta Bayi

Yau za mu ba ku labarin Harriet Tubman, wata baƙar mace ta ƙasar Amurka.

Cikin bauta aka haife ta a jihar Maryland. Ta gudu a 1849, amma ba ta zauna ba. Ta riƙa komawa a ɓoye, sau goma sha uku ko kusa da haka, har ta fid da mutum wajen 70. Don haka suka yi mata laƙabi da Musa.

Da yaƙin basasa ya tashi a 1861, sai ta bi rundunar Arewa, tana jinya, tana leƙen asiri. Ran 2 ga Yuni 1863 ta shiga jirgin ruwa tare da Kanar James Montgomery da sojoji baƙaƙe, suka hau kogin Combahee a Carolina ta Kudu. 'Yan leƙen asirinta sun riga sun gano inda abokan gaba suka dasa nakiyoyi cikin ruwa. Aka busa ƙahon jirgi, bayi suka fito daga gonakin shinkafa a guje, wata da goyo, wata da tukunya a ka. Sama da mutum 700 suka kuɓuta a wannan rana.

To, ina ladan? Iyayenmu mata masu talla, ku saurara da kyau. Duk aikin nan dala 200 kaɗai ta samu. Abincin da soja ke ba ta ma ta bar shi, don kada 'yantattun bayi su ce an fifita ta. Da dare ta gasa waina irin tasu, ta haɗa abin sha, da rana a kai talla, ita kuwa tana wurin majinyata. Jarinta ne ya ciyar da ita, ba gwamnati ba. Ta yi shekara fiye da talatin tana kai kuka, sai a 1899 aka yanka mata dala 20 a wata, wani kaso ma don mijinta soja ne.

Kada mu ga abin da nisa. A nan Arewa doka ba ta kashe bauta gaba ɗaya ba sai 1936.

Ta rasu a 1913 a gidan tsofaffi marasa galihu da ta kafa da kanta a garin Auburn. A 2024 jihar Maryland ta naɗa ta birgediya janar, shekara 111 bayan an rufe ta.