ABINCIN DA KE MAI DA JIKIN MAI TARIN FUKA

Wannan jawabi ne da wata ma'aikaciyar lafiya ta yi wa matan ajin yaƙi da jahilci, a kan ciyar da wanda ciwo ya ramar, musamman mai tarin fuka.

Malamar ta ce tarin fuka ciwo ne mai cin jiki. Yana hana mutum sha'awar abinci, ga zazzaɓi yana ƙona ɗan abin da ya ci. Idan jiki ya rasa abinci, sai ya koma cin naman kansa. Shi ya sa ake ganin ƙato ya koma kamar kara cikin 'yan watanni. Magani ne ke kashe ƙwayar cutar. Ana ba da shi kyauta a asibitocin gwamnati, kuma ana shan sa wata 6 ba fashi. Amma mai da tsoka aikin abinci ne.

Ta ce a gidaje da yawa, da zarar mutum ya kwanta, sai a bar shi da koko tsararo da shayi. Wannan ba ya isa. Tuwo da koko ƙarfin aiki suke bayarwa. Masu gina jiki su ne wake, gyaɗa, waken suya, gurjiya, riɗi, ƙwai, nono, kifi da nama.

Wata daga cikin matan ta ce ai nama ya yi tsada. Malamar ta ce gaskiya ne, amma ba dole sai nama ba. Ƙuli-ƙuli na nan. A daka shi, a zuba cokali 2 a kunu, ko a kwaɗa shi da dafaffen zogale. Ƙananan busassun kifi ma a daka su har ƙaya, a barbaɗa a miya. Ga ƙosai, ga alale, ga ɗanwake, ga awara. Alale da awara sun fi sauƙin haɗiya ga wanda bakinsa ba daɗi.

Ta daɗe a kan maganar ƙwai. Ta ce abin takaici ne a ga gida da kaji da zabi, ana kai ƙwansu kasuwa, ga mai gida kwance yana ramewa. Ƙwai 1 ko 2 a rana babban taimako ne. A dafa shi sosai, kada a ba shi ɗanye. Maganar da ake yi wai ƙwai na sa yaro sata, ta ce ba ta da tushe.

Daga nan ta koya musu wani garin kunu. A sami gero ko dawa ko masara gwangwani 6, waken suya gwangwani 3, gyaɗa gwangwani 1. A tsince, a wanke, a shanya. A soya kowanne daban ba mai, har ya yi ƙamshi. A murje waken suyar a fece ɓawon. Sai a haɗa a kai niƙa. Wannan gari ana dama shi da kauri, a bar shi ya tafasa, a sa ɗan sukari da cokali guda na man gyaɗa. Dole waken suya ya soyu ko ya dahu sosai, don ɗanyensa yana ɓata ciki.

Mara lafiya ba ya iya cinye kwano guda. Don haka a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, sau 5 ko 6 a rana. Kada a cika masa ciki da ruwa kafin abinci. A zauna kusa da shi, a lallashe shi, ban da faɗa.

Ta yi gargaɗi a kan nono. Fura da nono abinci ne mai kyau ƙwarai, amma a tafasa madarar kafin a yi kindirmo, domin shanu ma suna kamuwa da wani irin tarin fuka da ke shiga mutum ta ɗanyar madara. Gyaɗar da ta yi funfuna kuwa a zubar da ita. Tana da dafi mai lalata hanta.

Ba kowane mara lafiya ne zai bi wannan tsari ba. Mai ciwon ƙoda ya tambayi likita kafin ya yawaita wake da nama. Mai ciwon sukari kuma a cire masa sukari daga kunu.

Ta ce duk ranar zuwa karɓar magani, a roƙi ma'aikata su ɗora shi a sikeli. Tun da yanzu sun iya rubutu, su riƙa rubuta nauyin a littafi tare da kwanan wata. Idan wata ya zagayo nauyin bai ƙaru ba, ko yana raguwa, ko mara lafiya yana yawan amai, ko idonsa ya yi rawaya, a koma asibiti ba tare da jiran ranar da aka sa ba.