Rubutun Jikin Kwalbar Maganin Feshi: Manomin Yankwashi Aka Rubuta wa Ko Jami'in Ofis?



A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya ƙasashenta. Dalili kuwa, an auna an sami ragowar maganin ƙwari na dichlorvos, wanda muke kira fiya-fiya, daga miligiram 0.03 har zuwa 4.6 a kowane kilo, alhali ƙa'idarsu 0.01 ce. Wato mafi munin abin da aka samu ya ninka ƙa'idar sau 460. A 2016 aka ƙara wa haramcin shekara uku. Tun daga lokacin, duk taron da aka zauna sai a ɗora wa manomi da ɗan kasuwa laifi, a ce jahilci ne. Ni dai ban yarda ba. Kaso mai tsoka na laifin yana jikin kwalbar.

Na tsaya a rumfar wani mai sayar da maganin feshi a ƙasar Yankwashi, wani dattijo ya ɗauki kwalba ya jujjuya ta, sannan ya ce, "Ɗan nan, gwangwani nawa ake zubawa a famfo?" Tambayarsa ke nan, kuma ita ce tambayar kowane manomi daga Karkarna zuwa Roni, Gwiwa da Ɓaɓura. To me takardar jikin kwalbar ta ce? Sunan kamfani ɓaro-ɓaro a sama, sai sunan sinadari, sai lambar rajista. Awon yana can baya, da Turanci, cikin rubutu ƙanana kamar ƙwayar gero, kuma da hekta aka yi shi.

Mu ɗauki misali. A ce an rubuta lita 3 a hekta cikin ruwa lita 200, famfon goyo kuma yana cin lita 16. Sai mutum ya raba 200 da 16 ya sami goyo 12 da rabi, ya sake raba mililita 3,000 da wannan, kafin ya gane mililita 240 zai zuba a kowane goyo. Lissafi hawa biyu, a tsakiyar gona, rana na dukan ka, ga shi gonar ma ba a taɓa auna ta da hekta ba. Wanda ya tsara takardar zai iya yin lissafin nan sau ɗaya a ofis ya hutar da dubban mutane. Bai yi ba, don da mai ba da rajista yake magana.

Haka zancen kwanakin da za a jira bayan feshi kafin a girbe ko a ci. Wannan shi ne layin da rai ya rataya a kai, amma sai ka tarar an cusa shi a tsakiyar jadawali. Launin da ke gindin takardar kuma, ja, rawaya, shuɗi ko kore, wanda ke nuna ƙarfin dafin, wa ya taɓa zama ya bayyana wa manomi shi? Da yawa ado suka ɗauke shi.

Za a ce a fassara zuwa Hausa. A fassara ɗin, har da ajami, tunda masu karanta shi ba kaɗan ba ne a karkararmu. Sai dai in aka fassara ruɗani, ruɗanin za a samu da Hausa. Tsarin ne zai canza: awon goyo ɗaya a gaba da manyan baƙaƙe, da murfin awo a haɗe da kwalbar, sai kwanakin jira, sai abin da za a yi in maganin ya shiga ido ko yaro ya sha. Tarihin kamfani ya koma baya.

Shekara da shekaru ana kiran taron wayar da kai, a ci a sha a watse, kwalba tana nan yadda take. NAFDAC ce ke ba da rajista, ita ke da ikon cewa ba za ta sa hannu ba sai an gyara. JARDA, hukumar raya aikin gona ta jiha, na da malaman gona, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu tana nan Kazaure. A tsara sabuwar takarda, a kai ta kasuwa, a miƙa wa manoma goma, a tambaye su nawa za su zuba a goyo ɗaya. In uku suka kuskure, a dawo da ita a sake rubutawa.