Gidan Bene da Ɗakin Bayi: Abin da Na Gano a Gonakin Rake na Luwiziyana



Duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake dafa mazarƙwaila ya san ƙamshin ruwan rake idan ya soma kauri a wuta, ya kuma san yadda hayaƙi ke sa mai juyawa hawaye. Wannan ƙamshin da wannan hayaƙin su suka yi ta faɗo mini a rai lokacin da na bi hanyar da ta kwanta a gefen kogin Misisipi, tsakanin biranen Niyu Oliyans da Batan Ruj a jihar Luwiziyana ta Amurka, inda tsofaffin gidajen masu gonakin rake suke jere. Na tafi ne a matsayin mai nazarin gine-gine, da littafin zane da abin awo. Kafin kwana biyu na gane cewa ba a karanta waɗannan gidaje daga ƙofar gaba.

Mu fara da ƙofar gaban dai, tunda ita ake bugawa a katin hoto. Gidan da ya fi suna shi ne Oak Alley, wanda aka gina wa Jacques Roman tsakanin 1837 da 1839. Manyan itatuwa 28 ne suka yi sahu biyu daga bakin kogi zuwa ƙofarsa, rassansu sun haɗe sama kamar rumfa, gidan kuma ginshiƙai 28 ne suka kewaye shi, irin na tsohon ginin Girka. Ba zan ɓoye muku ba, yana da kyau. Na tsaya baki buɗe kamar baƙauye a birni. To amma ginshiƙan nan ba dutse ba ne, jan bulo ne aka jera aka yi masa shafe, bulon kuwa bayin gonar ne suka haƙo ƙasarsa, suka buga, suka gasa.

Gidajen da suka girme shi sun fi koya wa mai nazari abu. Faransawa da Jamusawan da suka fara zama a wannan gaɓa sun tarar da ƙasa mai dausayi, ga ambaliya, ga zafi, ga sauro. Sai aka ɗaga gida a kan ginshiƙan bulo, aka bar ƙasa ta zama ma'aji, iyali suka koma sama. Aka kewaye shi da baranda mai faɗi don inuwa, aka sa ƙofofi suna kallon juna don iska ta ratsa. Bangon sama katako ne, tsakaninsa an cike da laka da aka cuɗa da wata ciyawa mai reto a jikin itatuwan wurin. Da na taɓa bangon sai na tuna magininmu yana kwaɓa ƙasa da ramno, don hikimar ɗaya ce: ciyawar ke riƙe laka kada ta tsage. Madafa kuma nesa da gida ake gina ta, saboda gobara da zafi, wato ita kuyangar da ke girki ta sha zafin ita kaɗai.

Wa ya gina? Game da gidan Destrehan, an adana takardar kwangilar 1787, wadda ta ambaci maginin da sunansa, Charles Paquet, kafinta mai jinin Afirka. Cikin ladan da aka yanka masa har da saniya da maraƙinta, da hatsi, da dala 100, da bawa ɗaya. Ku lura da jerin. Mutum ya shiga lissafi tare da saniya da hatsi, kuma wanda aka biya da shi ɗan'uwansa ne a launi. A Oak Alley kuma akwai wani bawa mai kula da lambu, Antoine, wanda a wajajen 1846 ya yi nasarar yi wa itacen pecan aure, abin da ya gagari wasu kafinsa. Irin da ya fitar ya ci lambar yabo a baje kolin Filadelfiya na 1876. Sunan mahaifinsa ma ba a rubuta ba.

Yanzu mu zaga baya, inda kuɗin ginin ya fito. A 1795 ne Étienne de Boré ya samar da sukari mai tsaba a Luwiziyana da yawan da za a sayar, da taimakon Antoine Morin, ɗan asalin ƙasar da yau ake kira Haiti. Daga nan manoma suka watsar da baba suka rungumi rake. Rake a can yana da abokin gaba da namu bai sani ba: sanyin da ke daskarar da raɓa. Idan ya kama shi a gona ruwansa ya lalace, idan kuma an sare shi ba a matse da wuri ba ya yi tsami. Saboda haka daga Oktoba zuwa ƙarshen Disamba wuta ba ta mutuwa, dare da rana ana sara, ana jido, ana matsa, ana dafawa. Na tsaya a gaban kaskon ƙarfen da suke dafawa a ciki, faɗinsa ya isa babban mutum ya miƙe a ciki. Huɗu ko biyar ake jerawa daga babba zuwa ƙarami, bawa yana kwasar tafasasshen ruwa da dogon ludayi daga wannan zuwa wancan, ga barci a idonsa. Injin matsa kuma idan ya kama yatsa ba ya tsayawa a yatsa. Masana tarihi sun nuna cewa a yankin rake mace-macen bayi sun fi haihuwarsu yawa, saɓanin yankin auduga. Da Amurka ta hana shigo da bayi daga ƙetare a 1808, sai aka koma sayo su daga jihohin da ke sama kamar Bajiniya, Niyu Oliyans ta zama babbar kasuwar bayi ta ƙasar.

A wani gida da ba zan ambata ba, mai yi mana jagora ta shafe kusan awa guda tana nuna mana cokulan azurfa da gadon uwargida, kalmar bawa ba ta fito daga bakinta ba sai da wata tsohuwa baƙar fata a cikinmu ta tambaya. Ta amsa da cewa ai ma'aikatan gidan an riƙe su da kyau. Tsohuwar ba ta ce uffan ba.

Gidan Whitney ya juya tsarin ziyarar. Wani lauya, John Cummings, ya saye shi ya buɗe shi a Disamba 2014 a matsayin gidan tarihin bauta, shugaban bincikensa kuma Ibrahima Seck ne, masanin tarihi ɗan Senegal. A ƙofa za a rataya maka kati mai sunan wani da ya yi ƙuruciyarsa cikin bauta. Sai ka bi ta coci, ka bi ta bangayen sunaye, ka shiga ɗakunan bayi na katako, ɗaki biyu da murhu ɗaya a tsakiya, iyali guda a kowane ɗaki. Gidan benen yana can a matsayin wani ɓangare kawai na labarin. Akwai fili da aka keɓe wa yara bayi 2,200 da suka mutu a gundumar da gidan yake tsakanin 1823 da 1863. Akwai kuma kawunan yumɓu a kan sanduna, tunawa da boren Janairu 1811, lokacin da Charles Deslondes ya jagoranci ɗaruruwan bayi suka nufi Niyu Oliyans. Cikin kwana biyu aka murƙushe su, aka yi wa wasu shari'a a wannan gidan Destrehan da Paquet ya gina, aka tsire kawunansu a gefen kogi don 'yan baya su gani.

Wani bangon yana ɗauke da sunaye 107,000 da Gwendolyn Midlo Hall ta tattaro daga tsofaffin takardun Luwiziyana. Takardun kan faɗi ƙabilar bawa, kuma cikin Wolof da Bambara da Fulani da Yarabawa da mutanen Kwango, akwai Hausawa. Ba su ne mafi yawa ba, amma suna nan. Har tatsuniya ta haye ruwa: a yankin gidan Laura aka tattara labaran zomo da wani dolo mai suna Bouki, wanda a harshen Wolof kura ke nan.

Wani ɗalibina ya tambaye ni da na dawo, "Malam, su waye suka kai su bakin teku?" Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ba ta bar mu a waje ba. Mu ma muna da rumada da gandaye, irin na Fanisau a bayan Kano, kuma sai a 1936 doka ta soke bauta kwata-kwata a Arewacin Nijeriya. Tsarin bai zama ɗaya da na Luwiziyana ba, ban ce haka ba. Amma na sha kai ɗalibai auna soraye da zaurukan fada, ban taɓa kai su inda masu ɗebo ƙasar suka kwana ba. A zango mai zuwa, in Allah ya kai mu, awon ajinmu daga Fanisau zai fara.