Gashin Kayan Lambu a Gida: Jawabi ga Iyaye Mata



Lokacin ɗari ya shigo, lambunan Jirataua da Galmi da na bakin kogin Yamai sun cika kasuwanni da karoti da albasa da tumatir da kabeji, har da farin kabeji mai kai kamar fure. Tun da kaya sun yi araha, maganarmu ta yau ita ce yadda amfaninsu zai kai cikin jikin yaro, kada ya salwanta a tukunya.

A gidaje da yawa ana dafa ganye da kayan lambu har su yi lugub, sannan a tsiyaye ruwan a zubar. To, bitamin C ruwa yake bi, kuma doguwar dahuwa tana lalata shi. Giram 100 na ɗanyen farin kabeji yana ɗauke da kusan miligiram 48 na wannan bitamin, wanda ke taimakon jiki wajen tsotse sinadarin ƙarfe daga wake da gero. Ƙarancin wannan ƙarfe ne babban dalilin ƙarancin jini ga ƙananan yara da masu juna biyu. Shi kuwa bitamin A da ake samu daga karoti da kabewa da dankali mai jan ciki, sai da maiƙo jiki ke karɓarsa sosai. Gashi da ɗan mai yana magance matsalolin biyu: babu ruwan da za a zubar, ga kuma maiƙon.

Wannan aiki ba ya buƙatar murhun gas. Ku wanke hannu da sabulu, ku wanke kayan da ruwa mai tsabta kafin yankawa. A yanka su daidai wa daida, kamar girman babban yatsa. A shafe su da cokali 2 na man gyaɗa da ɗan gishiri mai aidin. A shimfiɗa su a tukunyar ƙarfe ba tare da cunkoso ba, a rufe, a sa garwashi a ƙasa, a ɗora kaɗan a kan marfi. Bayan minti 10 a juya su. Cikin minti 20 zuwa 30 za su yi laushi, gefensu ya yi ja. Kada a bari su yi baƙi, domin abin da ya ƙone ɗaci gare shi.

Gashi yana fito da zaƙin karoti da albasa, shi ya sa yaron da ke ƙin dafaffe yakan karɓi gasasshe. Jaririn da ya cika wata 6 a murje masa su lukui, a haɗa da kunu ko dafaffen wake, babu yaji, a kuma ci gaba da ba shi nono har shekara 2.

Kayan lambu kaɗai ba su warkar da tamowa. Yaron da ke ramewa, ko ƙafafunsa suka kumbura, a kai shi likita a ranar. Amma mai lafiya, wannan tukunya tana cikin abin da ke tsare masa lafiyarsa. Ku gwada a wannan mako, tun kafin zafi ya shigo kaya su yi tsada.

Allah ya raya mana zuri'a.